Zafin Injin Babur a Cikin Cunkoso: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu babur da ke daɗewa a cikin cunkoson ababen hawa, inda ake matsawa kaɗan a tsaya, a sake matsawa a sake tsayawa. An fara da abin da ya kamata kowane mahayi ya sani, sannan aka gangara zuwa abubuwan da suka shafi gyara. Alƙaluman da aka kawo na gama-gari ne, saboda haka littafin da kamfani ya haɗo babur da shi ne ke da magana ta ƙarshe a kan kowane samfuri.

Me ya sa babur ke ɗaukar zafi a cunkoso alhali ba gudu ake yi ba?

Daga cikin ƙarfin da ke cikin man fetur, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne, ko ma ƙasa da haka, yake zama motsin da ke tura babur gaba. Ragowar duk zafi ne: wani ya fice ta salansa, wani kuma ya ratsa jikin inji. Wannan da ya shiga jikin ƙarfe dole ne a kwashe shi, kuma ko wane irin inji ne, a ƙarshe iska ce ke kwashewa. Idan babur yana tafiya, iska tana bugun injin ba tare da an nema ba. Da zarar ya tsaya kuwa, iskar ta yanke, amma wuta tana ci gaba da tashi a cikin silinda sau ɗaruruwa a kowane minti.

Cunkoso yana ƙara wasu abubuwa a kan wannan. Mahayi yana riƙe kuloci rabi da rabi don ya riƙa jan jiki a hankali, kuma wannan gogayyar tana ɗumama baƙin mai. Ana tafiya a giya ta ɗaya, inji yana juyawa da yawa amma tafiyar kaɗan ce. Ga kwalta mai zafi a ƙasa, ga hucin motocin da ke gaba da gefe, ta yadda 'yar iskar da ke isa ga injin ma ba mai sanyi ba ce.

Duk babura hanya ɗaya suke bi wajen sanyaya inji?

A'a, hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce sanyayawa da iska kai tsaye, kuma ana gane irin wannan inji da siraran fukafukan ƙarfe da aka jera a jikin silinda da kan inji, waɗanda aikinsu shi ne faɗaɗa wurin da iska za ta taɓa. Yawancin ƙananan babura haka suke. Wasu 'yan ƙananan babura masu rufaffen jiki suna da fanka da injin kansa ke juyawa tana hura wa silinda iska, don haka suna da ɗan sauƙi a tsaye. Ta biyu ita ce a haɗa iska da mai, inda baƙin mai ke bi ta wani ƙaramin lagireto ya huce kafin ya koma inji. Suzuki ta yi fice da wannan tsari a babur ɗinta GSX-R750 na 1985.

Ta uku ita ce sanyayawa da ruwa, wadda ta ƙunshi lagireto, famfon ruwa, tamostat (wanda ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗumama), fankar lantarki, murfi mai riƙe matsi, da ƙaramin tankin ajiyar ruwa. Wannan tsari ya fi jure cunkoso nesa ba kusa ba, domin fanka tana maye gurbin iskar tafiya. Sai dai kayansa suna da yawa, kuma lalacewar ɗaya tana iya kayar da sauran. Ya kamata mai babur ya san rukunin da nasa yake ciki tun kafin ya karanta sauran amsoshin, saboda maganin wannan ba lallai ya zama maganin wancan ba.

Ta yaya zan bambance zafin da ya saba da zafin da ya wuce kima?

A babur mai ruwa, inji yakan yi aiki tsakanin digiri 80 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyos, kuma a cikin cunkoso ba laifi ba ne ya haura 100 kaɗan. A yawancin samfura fanka tana tashi a wajen digiri 100 zuwa 105, zafin ya sauka, ta mutu, daga baya ta sake tashi. Wannan hawa da saukar alama ce ta lafiya. Abin damuwa shi ne a ga fanka tana aiki amma lamba tana ci gaba da hawa, ko jar fitilar gargaɗi ta kama, wadda takan kama a wajen digiri 115 zuwa 120, ko a ji ruwa yana tafasa a tankin ajiya.

Babur mai iska galibi ba shi da ma'auni, don haka kunne da hanci da hannu ne ma'aunin. Ƙarfi yana raguwa, sulo yana rawa ko inji ya riƙa mutuwa, giya tana tauri, kuloci yana canza hali, ana jin ƙaurin mai, kuma idan aka murɗa totur sai a ji wata siririyar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Wannan ƙarar tana nuna fetur yana fashewa ba a kan ƙa'ida ba, kuma idan ta daɗe tana iya cin kan fistin.

Zafin da mahayi ke ji a ƙafa ko cinya ba hujja ba ce cewa inji yana cikin matsala. Baburan zamani da aka ƙera bisa dokokin rage hayaƙi, irin su Euro 5 da ta fara aiki a Turai a 2020, suna ɗauke da na'urar tace hayaƙi a cikin salansa wadda ba ta aiki sai ta kai ɗaruruwan digiri, kuma fanka tana turo hucin lagireto kai tsaye zuwa ƙafafun mahayi.

Me zan yi nan take idan fitilar gargaɗi ta kama ina tsakiyar cunkoso?

Ka nemi gefen hanya inda babu haɗari, ka kashe inji. Idan akwai inuwa ko wurin da iska ke kaɗawa, ka tura babur ɗin zuwa can da hannu. A wasu samfura fanka tana aiki idan makulli yana kunne ko da inji a kashe yake, to a irin waɗannan za ka iya barin makullin na 'yan mintoci, amma ka tuna batir take ci. Ka ba injin aƙalla rabin sa'a, sannan ka duba ƙasa ko akwai ɗigon ruwa ko mai, ka duba yawan ruwan da ke tankin ajiya da yawan baƙin mai.

Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ko da da tsumma ne. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa, kuma da zarar an sassauta murfin zai yi tsartuwa ya ƙona hannu da fuska. An yi bayanin yadda matsin yake aiki a amsar da ta shafi murfi.

Zan iya watsa wa inji ruwan sanyi don ya huce da sauri?

Kada a yi haka. Kan inji na alminiyam ne, kuma idan ruwan sanyi ya sauka a gefe ɗaya, wannan gefen yana tsukewa nan take alhali cikin yana nan a buɗe da zafi. Sakamakon yana iya zama lanƙwasar kan inji ko tsagewa, kuma wani lokaci ɓarnar ba ta bayyana sai bayan makonni, lokacin da gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da silinda, ya fara yoyo. Ruwan sama da ke sauka ana tafiya daban ne, domin yana zuwa a hankali ne a kan injin da zafinsa bai wuce kima ba.

Ya fi kyau in kashe inji idan tsayuwa ta yi tsawo?

Ga babur mai iska, amsar ita ce e, muddin ana ganin tsayuwar za ta wuce minti ɗaya ko biyu, domin injin da ke kashe ba ya haifar da sabon zafi. Ga babur mai ruwa akwai ɗan bayani: famfon ruwa inji ne ke juya shi, don haka idan aka kashe inji ruwa yana tsayawa, kuma ma'auni yakan nuna ƙarin zafi na ɗan lokaci kafin ya fara sauka. Wannan ba haɗari ba ne ga lafiyayyen inji, kuma da an tayar da shi lambar takan faɗo cikin daƙiƙoƙi.

Abin lura shi ne batir. A sulo caji ba shi da yawa, ga fitila da fanka suna ja, to idan aka yi ta kashewa da tayarwa da maɓalli a jere, tsohon batir yana iya gazawa a tsakiyar titi. Kamfanoni ma sun san da wannan matsala ta tsayuwa: Harley-Davidson da Ducati sun sanya wa wasu manyan baburansu tsarin da ke dakatar da silindar baya idan an tsaya, Honda kuma ta sanya wa babur ɗinta PCX tsarin da ke kashe inji da kansa a tsaye ya tashi da an murɗa totur.

Murɗa totur a tsaye yana taimaka wa ruwa ko mai zagayawa?

Yana ƙara saurin famfo, amma zafin da yake haifarwa ya fi abin da yake kwashewa, tunda iskar da ke ratsa lagireto ko fukafukai ba ta ƙaru ba. A bar inji a sulonsa. Idan sulon ya yi sama fiye da abin da littafi ya faɗa, a daidaita shi, domin wannan kaɗai yana ƙara zafi a cunkoso.

Babur ɗina lafiya lau a buɗaɗɗiyar hanya, sai a cunkoso yake tafasa. Ina matsalar take?

A babur mai ruwa, wannan hali ya fi nuna fanka. A buɗaɗɗiyar hanya ba a buƙatar ta, shi ya sa mutum zai iya yin watanni fankarsa a mace bai sani ba. Gwajin farko mai sauƙi ne: a tayar da babur a tsaye a wuri mai iska, a zuba wa ma'auni ido, a ga ko fanka za ta tashi idan ya kai inda ya kamata. Idan ya wuce wurin ba ta motsa ba, a kashe inji.

Daga nan a bi abubuwa daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A duba fis, a duba ko dutse ko laka sun maƙale fankar, a duba mahaɗar wayoyi ko ta yi tsatsa. Idan aka haɗa fankar kai tsaye da batir ta juya, to ita lafiyarta ƙalau, laifin yana ga rile (makunnin da ke ba ta wuta) ko na'urar da ke auna zafi ta ba ta umarni. Idan ba ta juya ba, motar fankar ce ta mutu. Wasu suna sanya makunni na hannu don su riƙa kunna ta da kansu. Wannan yana iya fitar da mutum daga matsala na ɗan lokaci, amma ranar da aka manta ba a kunna ba, inji ne zai biya.

Idan fanka tana aiki amma zafin bai sauka ba, a duba fuskar lagireto. Laka, ƙwari da lanƙwasassun fukafukai suna toshe hanyar iska. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba bayan ya huce, domin injin wanki mai feshi da ƙarfi yana kwantar da fukafukan. Idan kuwa babur yana zafi har a buɗaɗɗiyar hanya, sai a koma ga amsoshin da suka shafi tamostat da gasket.

Ruwa zalla ya isa a zuba a lagireto?

A halin gaggawa ya isa a kai gida, amma ba a zauna a kansa ba. Gaskiya ne ruwa zalla ya fi ruwan sinadari iya ɗaukar zafi, sai dai yana tafasa a digiri 100, yana sa tsatsa da zaizayar alminiyam, kuma ruwan famfo ko na rijiya yana barin farin gishiri da ke toshe siraran bututun lagireto. Abin da yawancin kamfanoni suka tsara shi ne rabi sinadarin gilaikol rabi tataccen ruwa. Wannan haɗin yana tafasa a wajen digiri 107 ko babu matsi, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma yana hana daskarewa a ƙasashen sanyi. Zuba sinadarin zalla ba tare da sirki ba kuskure ne, domin sanyayawarsa ta fi rauni.

Tataccen ruwan da ake nufi shi ne wanda aka cire wa gishiri, irin wanda ake ƙara wa batir, ba ruwan asid na batir ba; a karanta jikin kwalba da kyau. Kamfanonin Japan irin su Honda suna son sinadarin da babu siliket a cikinsa, saboda siliket yana cin hatimin famfon ruwa, wato abin da ke hana famfon yoyo. Launi ba ya tabbatar da nau'i, don haka kada a haɗa iri biyu don kawai launinsu ɗaya. Galibi ana canza ruwan duk shekara 2 ko 3. Yana da guba kuma yana da ɗan zaƙi, saboda haka a nisanta shi daga yara da dabbobi, kuma kada a zubar da tsohon a ƙasa.

Wane aiki murfin lagireto yake yi, kuma me ya sa ruwa ke raguwa?

Murfin ƙaramin abu ne da aka fi rainawa, alhali aikinsa babba ne. A cikinsa akwai sifirin da ke riƙe matsi, galibi kimanin 1.1 a ma'aunin matsi na bar, kuma an rubuta adadin a samansa. Wannan matsin yana ɗaga matakin tafasar ruwan zuwa sama da digiri 120. Idan ruwa ya faɗaɗa, murfin yana sakin rarar zuwa tankin ajiya, idan inji ya huce kuma ya bar shi ya dawo. Da zarar robar murfin ta tsufa ko sifirin ya yi laushi, ruwa zai tafasa da wuri ya malala, kuma a cunkoso ne hakan ya fi faruwa. Canza murfi da wani mai lamba iri ɗaya yana cikin gyare-gyare mafi sauƙi, kuma ya kamata a gwada shi kafin a kwance wani babban abu.

Sauran hanyoyin ɓacewar ruwa su ne tsagaggen tiyo, sassautaccen maɗauri, hujin lagireto, da hatimin famfo. A ƙasan famfon ruwa akwai wani ɗan rami da aka yi da gangan. Idan ruwa yana ɗiga ta nan, hatimin ya gaji. Busasshen tabo mai launi a jikin inji yana nuna inda yoyo yake. A riƙa duba tankin ajiya inji yana sanyi, babur a miƙe. Idan ruwa yana raguwa kuma babu alamar ɗigo a waje, a karanta amsar da ta shafi gasket.

Cire tamostat yana magance zafi?

Ba ya magancewa. Tamostat yana rufe hanyar lagireto ne har inji ya ɗumama, sannan ya fara buɗewa, a samfura da yawa tsakanin digiri 70 da 90. A lokacin da babur ke fama a cunkoso, lafiyayyen tamostat ya riga ya buɗe gaba ɗaya, don haka cire shi ba zai ƙara komai ba. Abin da zai jawo shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai da yawa, kuma ya fi saurin cinyewa. Idan ana zarginsa da maƙalewa a rufe, alamar ita ce inji ya yi zafi da sauri alhali lagireto bai ɗau zafi ba. Ana gwada shi ta hanyar sanya shi a ruwa ana ɗumamawa a ga ko zai buɗe. Idan bai buɗe ba, a sa sabo.

Na canza ruwan lagireto, sai zafin ya ƙaru. Me ya faru?

Mai yiwuwa iska ce ta maƙale a ciki. A zuba ruwan a hankali, a riƙa matsa tiyo da hannu, a jijjiga babur hagu da dama, a buɗe ƙusar fitar da iska idan samfurin yana da ita. Bayan an tayar da inji ya ɗumama ya sake hucewa gaba ɗaya, a sake duba ruwan a cika.

Wace rawa baƙin mai yake takawa?

A babur mai iska, baƙin mai shi ne abu na biyu da ke sanyaya inji bayan iska, domin shi ke kwaso zafi daga ƙarƙashin fistin da sauran sassan da iska ba ta kaiwa. Ƙaramin inji yakan ɗauki kimanin lita ɗaya ne kacal, to idan ya ragu ko da kaɗan, ragowar yana ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinsa. Zafi yana tsinka mai, yana kuma saurin tsufar da shi, shi ya sa littattafan kamfanoni suke lissafa yawan tsayawa da tashi cikin yanayin aiki mai tsanani da ke buƙatar canza mai kafin lokacin da aka saba.

A bi kaurin da littafi ya faɗa, misali 10W-40 ko 20W-50. Zuba mai mai kauri fiye da ƙa'ida ba ya sanyaya inji. Ga babur da kulocinsa ke cikin mai, a nemi mai tambarin JASO MA ko MA2, ƙa'idar da Japan ta fito da ita a 1998 domin babura. Wasu man motoci suna da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci santsi, kuma kulocin da ke santsi yana ƙara zafi, kamar yadda aka ambata a amsar farko.

Babur ɗina mai iska ne, mai ya cika, amma yana zafi fiye da da. Me zan duba?

A fara da waje: laka ko maiƙo da ƙura da suka cike tsakanin fukafukai, da duk wani ado ko kaya da aka ɗaura a gaban inji ya tare iska. A juya tayoyin da hannu a ji ko birki yana kamawa, a duba ko sarƙa ta yi tauri da yawa, a auna iskar taya. Lodi fiye da kima ma yana sa inji wahala a giya ta ɗaya.

Daga nan a koma ga haɗin fetur da iska. Idan fetur ya yi kaɗan iska ta yi yawa, inji yana zafi sosai. Hakan yana faruwa idan ƙaramin jet na kafireto ya toshe, ko robar da ke tsakanin kafireto da inji ta tsage tana jan iska, ko an cire matatar iska, ko an canza salansa ba a sake saiti ba. Akwai kuma masu matse kafireto don rage shan mai, kuma ɗan abin da aka yi tsiminsa a fetur ba ya kai kuɗin fistin da bawul. Fulogi yana ba da labari: launin ruwan ƙasa mai haske alama ce ta daidaito, fari fat kuwa alama ce ta ƙarancin fetur ko zafi. A tabbatar lambar fulogin ita ce ta samfurin. A tsarin kamfanin fulogi na NGK, ƙaramar lamba tana nufin fulogi mai riƙe zafi.

Abu na ƙarshe shi ne tazarar bawul. Bawul ɗin fitar da hayaƙi yana sauke zafinsa ne a lokacin da ya zauna a mazauninsa, don haka idan tazarar ta matse bai zauna da kyau ba, sai ya ƙone. Wahalar tashi idan inji ya yi zafi tana cikin alamominsa. Ana auna tazarar ne inji yana sanyi.

Ta yaya zan san gasket na kan inji ya ƙone?

Alamominsa su ne ruwa yana raguwa ba ɗigo a waje, kumfa tana tasowa ba tsayawa a tankin ajiya inji yana aiki, farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya ɗumama, tiyo yana yin tauri jim kaɗan da tayarwa, ko baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri. Wannan alama ta ƙarshe tana iya zuwa daga hatimin famfon ruwa ma, don haka a bar makanike ya tantance da gwajin matsi kafin a kwance kan inji. Idan mai ya gauraya da ruwa, kada a ci gaba da hawa ko tafiyar gajera ce.

Inji ya yi zafi sosai sau ɗaya har ya mutu. Me ya kamata a yi kafin a ci gaba da hawansa?

Alminiyam yana faɗaɗa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka a matsanancin zafi fistin yana iya kumbura ya kama bangon silinda. Sau da yawa inji yana sake tashi bayan ya huce, mai shi ya ɗauka an wuce wurin, alhali an bar zane a bangon silinda kuma zobban fistin sun raunana. A canza baƙin mai ko da lokacinsa bai yi ba, a dubi tsohon a hasken rana ko akwai ƙyallin garin ƙarfe a ciki. A sa makanike ya auna matsin silinda da tazarar bawul, a babur mai ruwa kuma ya gwada matsin lagireto da murfinsa, ya tabbatar fanka tana tashi a kan lokaci. A kwanakin da suka biyo baya a riƙa lura da shuɗin hayaƙi, raguwar mai ko ruwa, da kowace sabuwar ƙara daga saman inji, kuma idan ɗaya daga cikinsu ya bayyana a mayar da babur wurin makanike a buɗe kan injin a duba.